Yadda Na Tattaro Zannuwan Inna

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Bayana har yau bai koma daidai ba, ƙafata ta hagu ta kumbura tun daga Cadawa, kuma na sha baƙar magana a bakin mata fiye da wadda na sha tun da aka haife ni. Ku da ke tare ni a kasuwar Gidan Rumji kuna cewa Sa'idu tela ya tafi yawon furoje ya dawo da ƙiba, ga labarin nan, ku karanta ku bar ni in huta. Ban yi nisa a karatun lakol ba, da wuri aka ɗora ni kan keken ɗinki. Yadda abin ya faru, haka zan zuba shi.

Ba furoje ba ne, wato aikin masu ba da tallafi, ya fitar da ni daga gida, Baba ne. Inna ta rasu da damina. Ranar sadakar arba'in yayata Dije ta zo daga Agiye da mijinta, ƙanwata Rabi ta zo daga Gazawa da nata, da tsohon ciki. Lokacin riƙon ƙwarya ne, an buɗe wa kowa baki, jam'iyyu sun tsiro ko'ina ana jiran zaɓe. Mijin Dije yana wata, mijin Rabi yana wata. Ko shafa addu'a ba a gama ba suka fara sa-in-sa a ƙofar gida, matan kuma kowace ta tsaya wa nata a cikin gida. Cikin wannan fushi aka raba zannuwan Inna. Dije ta kwashe atamfofin, Rabi ta ɗauki baƙin saƙi guda ɗaya, tsoho, wanda ya fi mu duka shekaru. Suka tafi ba sallama.

Babu wanda ya tuna da Baba. Namiji ba ya gadon zane, to wa zai tambaye shi? Sai da ɗari ya shigo muka ga abin da muka yi. Tsohon nan ya daina kwanciya. A zaune yake kwana gaban wuta, ga tari, ga idon da ba ya gani sosai. Na saya masa bargo a kasuwa, ya ce yana yi masa ƙaiƙayi. Na kawo gwado, ya ce nauyi. Abinci ya koma loma biyu. Wata safiya muka tarar gefen rigarsa ya ƙone har gwiwa bai ma sani ba.

Matata Hajo ce ta gano. Ta ce ta sha ganin sa yana lalube a igiyar da Inna ke rataye kayanta, hannunsa ya bi igiyar har ƙarshe ya dawo wayam. Shekara da shekaru da zannuwanta yake rufa, ita ke jefa masa su a ƙafa in sanyi ya yi. Mutumin da ko sunanta bai taɓa kira a gabanmu ba, ta yaya zai buɗe baki ya ce a dawo masa da zanen matarsa? Ko an dawo da shi ma ba zai rufa ba, kar a shigo gaisuwa a ga dattijo cikin zanen mace. Amma bargon ƙyalle, wanda ake harhaɗa guntaye a yi shi, wannan kowa na iya rufa da shi ba a ce komai ba. Kuma shi na iya, wajen Innar ma na koya.

Akwai wata Madam Zainabu mai aiki da furojen mata, ta daɗe tana bi na in je in koya wa matan ƙauye wannan ɗinki, ina ƙi. Na aika mata na ce na yarda, in dai Agiye da Gazawa ne. Na ce wa Hajo ba zan dawo gidan nan ba sai da zannuwan.

Daga Gidan Rumji zuwa Maradi

Na fita kafin kiran asuba. Buhun ƙyallaye a kai, almakashi da allurai da zare a jaka, gorar fura a hannu. Ban ɗauki keke ba, don matan da zan koya wa ba su da shi, da hannu za a yi komai. Na leƙa wajen Baba, yana nan zaune gaban wutarsa. Na ce masa aiki zan je gabas. Ya ce, "In ka ga yaran nan ka gaishe su." Dije ta aurar da 'ya'ya, amma a wajensa yaran nan ne.

A tasha na sami a-kori-kura mai ɗauke da buhunan wake da awaki. Direba ya rantse yanzu za mu tashi, muka yi sallah, muka zauna har rana ta fito tana dukan mu kafin ya tada mota. A kan tayar ajiya na zauna, akuya na cin bakin buhuna.

Kafin mu shiga Maradi muka tarar da shinge. Wani jandarma ya duba katin shaidata, ya ɗaga kai ya dubi zanen fuskata, sai na ga bakinsa ya motsa. Na san Bazabarme ne, abokin wasanmu Gobirawa, tun kafin ya yi magana.

"Bagobiri, bawana, me ke cikin buhu?"

Na ce tsumma ne. Ya kwance ya zura hannu, ya fito da guntun atamfa kamar tafin hannu, ya ɗaga wa abokan aikinsa su gani. Ya ce ashe yunwa ta kai Gobirawa ga fataucin tsumma.

Na ce, "Labari na ji Zabarmawa na kwana tsirara da sanyin nan, shi ne na ce bari in kai wa bayina sadaka."

Muka yi dariya har ya riƙe mota, ya ɗaure mini buhun da kansa. Wannan ita ce dariyar da na yi ta ƙarshe sai da na dawo.

Maradi ba ta jiyuwa. Lasifika ta wannan jam'iyya a nan, ta waccan a can, samari bisa babura da tutoci. Na sha shayi da burodi a tsaye, na shiga motar Agiye. An cusa mu kamar gyaɗa a buhu. Wata mata ta ɗora mini kwandon albasa a ƙafar hagu, na yi magana ta ce in ban iya haƙuri ba in sayi tawa motar. A Cadawa taya ta yi faci. Muka sauka muka zauna gindin bishiya, na sayi aya ina tauna, ina kallon ƙafata tana tashi.

Agiye

Bayan azahar muka shiga. Madam Zainabu ta riga ni. Yara na hutu, sai aka ba ta azuzuwan lakol, matan da suka zo daga ƙauyuka suka sauka a ciki da tabarminsu na kaba da tukwanensu da goyonsu. Nan za su kwana, nan za su dafa, nan za a yi ɗinkin. Ni kuma na sauka a zauren gidan Dije. Mijinta ya tarbe ni da tuwo miyar kuka da wa'azin jam'iyya. Ya tambaye ni wa zan jefa wa ƙuri'a, na ce masa duk wanda ya tsaida tarin Baba. Bai ƙara tambaya ba.

Washegari da hantsi na shiga aji, na tarar matan sun rabu gida biyu, wasu jikin wannan bango, wasu jikin wancan, tsakiya fili. Na ɗauka kunya ce. Sai da na ce kowa ta fito da ƙyallayenta na gane. Madam ta ce su zo da tsofaffin zannuwa, to matar ƙauye ba ta da tsohon zanen da ba ta ɗaurawa. Abin da ke jibge a ɗakunansu shi ne atamfar jam'iyya da ake rabawa kyauta, mai fuskar ɗan takara. Na wannan bango da fuskar nasu, na wancan da fuskar nasu.

Na yi kamar ban gani ba. Na zazzage buhuna a tsakiya, na nuna musu aikin. Bargon nan hawa uku ne: fuska, wadda ake harhaɗawa da guntaye, ciki, abin da ke riƙe ɗumi, da shafi a baya. A wanke ƙyalle tukun, don wani yana zuba, wani yana shigewa. A yanka kwali, a riƙa ɗora shi ana yanka kowane guntu daidai da shi. In an zo haɗa hawa ukun, daga tsakiya ake fara ɗinki a yi waje. Wadda ta fara daga gefe za ta tarar ciki ya tattare mata kamar tumbi. Tun da yawancinsu ba su karatu, na sa kowace ta manna 'yan mitsi-mitsin ƙyalle a kan kwali da ƙaro, a jere yadda za ta haɗa su, don in ta koma gida ta duba. Wannan ya fi ɗinkin ma burge su. Wata har ta kwance hoton ɗanta da ke ci-rani daga bakin zane ta manna a tsakiyar nata.

Rigimar ta tashi ne da na ce a kama almakashi. Wata mai baki, Ta-Sallah sunanta, ta ce ita ba ta sa almakashi a fuskar mutuminsu, in mai gidanta ya ji ta yanke masa hanci, a waje za ta kwana. Daga ɗaya bangon wata ta ce ta kawo ita ta yanke mata shi. Kafin ka ce me, an miƙe tsaye. Madam na ba da haƙuri, yara na kuka.

Na buga almakashi a tebur. Na ce babu fuskar da za a yanka. Sabuwar atamfa ba ta da kyau a fuskar bargo, ƙarfi gare ta, tana karce jiki. A ciki take da amfani. Kowace ta shimfiɗa tata ɗungum a tsakiya, a rufe ta sama da ƙasa. Kuma ɗaya ba ta isa ɗumi, sai biyu.

Ta-Sallah ta ce ɗaya gare ta. Na ce ga wata can jikin bango, ita ma ɗaya gare ta, ku haɗa ku yi bargo ɗaya yau, in an sake rabo ku yi na biyu.

"Wato namu ya kwana da nasu?"

Na ce, "Gwaggo, in na ɗinke bakin, ko ke ba za ki san wanda ke sama ba."

Ta kira ni tela marar kunya. Amma da la'asar na ga ta ja tabarmarta zuwa tsakiya, don can ne hasken ƙofa yake faɗawa, ta ce.

Dije kuwa sai rana ta biyu na same ta ita kaɗai tana tankaɗe. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya mata maganar igiya, da rigar da ta ƙone. Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da atamfofin Inna a ninke, idonta ja. Ta ce tun da ta kawo su ba ta iya ɗaura ko ɗaya ba. Ta ɗora mini su a cinya, ta ɗora atamfar jam'iyyar mijinta a sama ta ce in yi ciki da ita, dama ta ishe ta. Sannan ta ce da sharaɗi: kar in haɗa nata kusa da na Rabi.

Na ce, "Yaya, ba naki ba ne, ba na Rabi ba ne. Na Inna ne, kuma a igiya ɗaya suka zauna."

Ta ce tun ina yaro bakina ba shi da linzami. Da safe sai ga ta a aji da allurarta. Ita ta haɗa yawancin fuskar bargon, ɗinkinta ƙanana, a matse, kamar yadda take komai nata. Na ce ta bar fili a tsakiya. Ba ta tambaye ni na mene ne ba. Wani dogon yanki na atamfa mai ruwan ƙasa ya rage, na ninke na jefa a buhu.

Gazawa

Tsakanin Agiye da Gazawa ba nisa, amma mun ɓata rabin yini, don ayarin wata jam'iyya ya cika hanya, direbanmu kuma ya ce ba ya wuce su gilashinsa ya tafi a banza. Muka bi bayansu a hankali muna shan kiɗa. Ga magariba muka isa. A nan wani gidan ajiyar hatsi da ba kowa a ciki aka ba matan. Akwai matan Fulani a cikinsu, masu kawo nono, sun fi kowa saurin kama allura.

Na sauka gidan Rabi. Ta haihu bayan arba'in ɗin da 'yan kwanaki, mace, aka sa mata sunan Inna. Don haka ba mai kiran sunan, Mama ake ce mata. Rabi ta fito tarbata da ita a baya. Baƙin saƙin da na zo nema, shi ne zanen goyon.

Na bari aka ci abinci, dambu ne da zogale. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta yi kuka sosai da ta ji maganar Baba. Amma ta ce a'a. Ta ce Dije ta kwashe komai, wannan kaɗai ta tsira da shi. Yarinyar nan ba ta barci sai a cikinsa, an gwada wani ta kwana tana tsala ihu. Kuma ita ba za ta tsaya tana kallo a sa almakashi a zanen da aka goya mu da shi duka ba. Mijinta daga ƙofa ya ce in je in tambayi mutanen Agiye, ai su ne masu rabo. Na ce masa da 'yar'uwata nake magana.

Ban ga laifinta ba. Tsoho na buƙata, jaririya na buƙata, zane ɗaya. Amma atamfofin Dije na fita unguwa ne, ba su ne Baba ke lalube ba. Saƙin nan ne ke kan ƙafarsa duk ɗari. In na koma ba shi, na yi wahalar banza.

Da safe na je wajen koyarwa. Rabi ma ta zo, don sunanta na cikin matan garin. Na yi musu bayanin hawa uku, na sa aka wanke ƙyallaye aka shanya. Sannan na warware bargon da muka fara a Agiye don su ga misali. Wata Bafulatana dattijuwa ta zura hannu ta cikin filin tsakiya, ta ce wannan kuma taga ce ko ƙofa?

Na ce, "Zannuwan uwata ne. Ubana zan kai wa, ba ya barci. Na tsakiyar ga shi can a bayan waccan."

Duk suka juya. Rabi ta tashi ta fita, ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. Madam Zainabu ta ja ni gefe ta ce abin da na yi bai kyautu ba, ba a tona 'yar'uwa cikin mutane. Gaskiyarta. Na ce mata na ji. Matan kuma suka yi mini caa, wata ta ce da ganin wannan matarsa na shan fama. Na bar su suka gama, na ce a kama kwali. Ranar ba a kawo mini abinci daga cikin gida ba. Ƙosai na saya a bakin hanya, na kwana a zaure da buhuna a matashi.

Rana ta biyu Rabi ba ta zo ba. Na ci gaba da aiki. Na riga na gaya wa Madam in an tashi ta tafi abinta, ni ina nan Gazawa har sai abin da Allah ya yi.

Rana ta uku, hantsi ya ɗaga, ina durƙushe ina nuna wa wasu yadda ake kalmasa baki, sai na ga inuwa a kaina. Rabi ce. Ta sauke yarinyar ta miƙa wa Bafulatanar nan, ta kwance saƙin ta riƙe shi a ƙirji, ba ta ba ni ba.

Ta ce, "Yaya Sa'idu, jiya da dare na tashi ba ta nono. Sanyi na ji a ƙafata, sai na ce to Baba fa can?" Ta goge hanci. "Amma in ka yanka, da me zan goya ta?"

Na ce ta shimfiɗa mu gani. Da ta shimfiɗa na bi shi da yatsa, sai na ji kunyar kaina, ni da nake tela. Saƙi ai ba kamar atamfa ba ne. Layi-layi masaƙa ke saƙa shi, kowane layi faɗin yatsu huɗu, sannan a harhaɗa su da allura. Ba ya buƙatar almakashi. Zaren haɗin kawai za a warware, a zare layukan da ake so, kowane ya fito lafiyarsa. Na gaya mata. Na ce zan cire na tsakiya, in cike mata gurbin da wani ƙyalle mai ƙarfi, zanen goyonta ya koma faɗinsa.

Ta ce to wane ƙyalle? Na zazzage buhun. Duk guntaye ne, babu mai tsawon zane sai ɗaya. Na ɗago yankin atamfar nan mai ruwan ƙasa. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Wannan rabon Dije ne."

Na ce shi ne, kuma babu wani.

Ta daɗe tsaye. Matan kuwa kowace ta sunkuyar da kai kan ɗinkinta kamar ba ta ji. Can Rabi ta ce, "Sa shi. Amma kar ka gaya mata."

Na ce zan gaya mata. Ta ce ta sani, ai ni ne.

Ita ta warware zaren da bakin allura, ba ta bar ni na taɓa ba. Ita ta ɗinka layukan a tsakiyar bargon, jikin ɗinkin Dije. Nata ɗinkin tsallake-tsallake ne, manya, na so in yi magana na fasa. Ni na haɗa mata zanen goyon. Da aka zo sa ciki na ce atamfa ɗaya gare ni, ta Agiye, ba ta isa. Ta aika gida aka ɗauko ta mijinta, yana wajen taro. Muka shimfiɗa su biyu fuska da fuska, muka rufe, matan suka kewaye shi aka ɗinke daga tsakiya zuwa waje. Kafin la'asar an gama. Yarinyar kuwa aka mayar da ita baya cikin zanen da aka yi wa gyara, ta ɗan yi ƙorafi, ta yi barcinta.

Komowa

Na tashi daga Gazawa bayan sallar asuba. Rabi ta raka ni tasha da ƙullin kuka da daddawa na Baba. A Agiye mota ta tsaya sauke kaya, na roƙi direba ya jira ni, ya ce in na wuce shan sigarinsa in nemi wata. Na ja ƙafata zuwa gidan Dije. Na buɗe mata bargon a tsakar gida. Ta shafa saƙin, ta dubi ɗinkin da ke gefensa, ta ce har yanzu yarinyar nan ba ta iya riƙe allura ba. Na gaya mata inda yankin atamfarta yake. Ta ninke bargon ta miƙo mini. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Jaririyar, da wa ta yi kama?" Na ce ta je ta gani, Gazawa ba Makka ba ce. Ta jefe ni da marfin kwano. Na tarar mota ta fara gungurawa, yaron mota ya fizgo ni ciki.

Sauran hanyar ba abin faɗi. Shingen nan na Maradi wani jandarma ne daban, ko kallon buhun bai yi ba. Na shigo Gidan Rumji rana ta yi ja. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Madam Zainabu da ta jure halina, da matan Agiye da na Gazawa, har Ta-Sallah.

Baba na zaune inda na bar shi, ya ƙara ramewa. Na gaishe shi, na ce yaran na gaishe shi. Na ce ga wani bargo na ɗinka a wajen aiki, ya gwada ko shi ma yana ƙaiƙayi. Na ɗora masa a gwiwa. Hajo na bakin ƙofa.

Ya fara bin sa da tafin hannu daga gefe. Ya tsaya kan wani guntu, ya wuce, ya tsaya kan wani. Da hannun ya kai tsakiya, kan saƙin, sai ya daina motsi. Ya daɗe a haka. Ni na dubi wuta, don ba na son ya san ina kallon sa. Can ya matsa bargon da yatsu ya ce, "Mi ag ga ciki mai ƙarfi hakanga?"

Na ce, "Manyan ƙasa ne, Baba, su biyu."

Ya ce, "To, su yi amfani." Ya ja shi har kafaɗa. Bai ce komai game da zannuwan ba, ni ma ban ce ba.

Washegari na fito sallar asuba ban ga hasken wuta a ɗakinsa ba, ban ji tari ba. Na nufi ɗakin. Na tura ƙyauren a hankali, na tsaya ina saurare. Minshari na ji. Yana kwance a gadonsa, ya rufe har kai, toka ta mutu a murhu. Na ja masa ƙyauren. Sai da rana ta fito ya farka, yana faɗa don me ba a tashe shi sallah ba, ya ce a kawo masa koko, kuma a gaya wa Rabi ɗinkinta ya yi faɗi, irin na uwarta. Na ce wa Hajo ta ƙara masa ƙosai. Ni kuma na kwance igiyar nan daga bango, na naɗe ta na sa a aljihu, na ja ƙafata na tafi na buɗe shago.